Rabin Hannun Kakanni

Daga gida, Chiayi, 24 ga Mayu

A-Lan 'yata,

Ko yanzu sai na ce Mai Girma Ministar Lafiya? Ki faɗa min wanda ya dace, kada a kama ni. Gaisuwa mai yawa daga ni da Gwaggonki Kim. Ita lafiyarta ƙalau, bakin nan nata bai ragu da komai ba. Ni kuwa gwiwar hagu ta ajiye aiki, kunnen dama ya bi ta, haƙora shida ne suka rage a bakin aiki. Ranar da na gwada kiran ofishinki na ce Malam Ko ne ke magana, wata yarinya ta ce, "Wane Malam Ko ne?" Na ce wanda ya haifi mai ofishin. Ta kashe wayar. Shi ya sa na koma ga biro, sai ki yi haƙuri da rubutun ɗan aji huɗu.

Mun gan ki kin ɗaga hannu kina rantsuwa. An fito da talabijin harabar ɗakin bautar Uwar Teku, ƙauye duk ya taru. Wan-lai, abokina tun muna yawo ba wando, wanda bai taɓa yaba min komai ba, ya ce, "Huo-wang, yarinyar nan kan uwarta ta ɗauko, kai hanci kawai ka bayar." Na ce ai hancin ne ya kai ta, shekara ashirin da biyar tana shinshina abincin mutane a ɗakin gwaji. Washegari ƙungiyar masu yin caipo, busasshen farin karas ɗinmu mai gishiri, ta zaɓe ni shugaba, gida talatin da ɗaya, ba wanda ya ƙi. Ni da ko mabuɗin sito ba a taɓa ba ni ajiya ba. Na ɗauka sun gano hazaƙata ne a makare.

To ga maganar. Shekaranjiya 'yan duba-gari suka zo da farar safar hannu, suka bi gida-gida suna ɗibar caipo daga randuna, suna sawa a leda da lamba. Sun ce aikin wata doka ce da ke kika rubuta tun kina ɗakin gwaji.

Kin san yadda muke yi tun kakanni: a tone farin karas da sanyi, a yanka, a cuɗe da gishiri, a shanya, a danne a randa. Gishiri da rana, shi ke nan. To sanyin da ya wuce rana ta yi bulaguro. Kwana goma sha tara ana ruwa, karas ya fara yauƙi a kan tabarmi. Sai ga wani mai mota da buhunan farin gari, ya ce maganin ruɓewa ne, kuma doka ta yarda da shi. Kowa ya saya. Ni ma na saya. Randa arba'in da bakwai na sa wa.

Ba wani abu ba ne, ko? Ke kika san waɗannan abubuwan. Na aiko miki ƙunshin caipo na bara waccan, wanda bai san garin nan ba. Ki ci da kunun shinkafa, na ga kin rame a talabijin.

Mahaifinki,
Ko Huo-wang

Taipei, 29 ga Mayu

Baba,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya. Ka riƙa shafa wa gwiwar maganin da na bari, ka gaida Gwaggo.

Abu uku, kuma ka bi su yadda na rubuta. Kada ka sayar da ko yanki ɗaya daga randunan nan arba'in da bakwai. Kada ka sake aiko min da komai daga gida, ƙunshin ma na sa an mayar. Kada ka zo Taipei.

Ka rubuto min abu ɗaya: garin nan, nawa ka zuba a kowace randa, kuma da me ka auna?

Chiu-lan

Daga gida, 3 ga Yuni

Mai Girma Minista,

Tunda da sunan takarda Chiu-lan aka sa hannu, ba A-Lan na gida ba, bari in gyara zama. Muna lafiya. Akwai dai wani abu da ya tokare min ƙirji, Gwaggonki ta ce ba ciwo ba ne, wasiƙa ce.

Ƙunshin ya dawo. Mai kawo wasiƙu bai ga damar miƙa min shi a gida ba sai a harabar ɗakin bauta, gaban masu dara. Igiyar da na ɗaure ko taɓa ta ba a yi ba. Wan-lai ya ce, "Ashe a Taipei hancin ya canja." Aka yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Da me na auna? Da abin da ubana ya auna gishiri, da abin da na share miki majina: hannu. Mai motar ya ce cokali ɗaya a randa. Na dubi cokalin, na dubi randar da ta kai min ƙugu, na ce ɗan birnin nan bai san randa ba. Kin san ƙa'idar gishiri a gidanmu: hannu uku na randa, rabin hannu na kakanni, kada su ce an yi musu rowa. Yawan gishiri bai taɓa ɓata mana caipo ba. To garin fari ne, gishiri ma fari ne. Na ba randa haƙƙinta, na ba kakanni nasu. Caipon ya fito rawaya shar kamar an yi masa fenti, ƙuda ma ba ya sauka a kai. A lokacin na ɗauka girmamawa ce.

Yanzu na gane dalilin shugabancina. Jiya mutum tara suka zo min da ganyen shayi mai tsada. Wan-lai ya miƙe ƙafa ya ce, "Shugaba, mu fa hankalinmu kwance. Wace 'ya ce za ta karanta sunan ubanta a talabijin? In ta rufe naka, ai bargon ya isa har kanmu." Na ce ba ku san ta ba, tana 'yar shekara tara ta kai ƙarata wurin uwarta don na gutsuri kazar da aka ajiye wa kakanni kafin turare ya ƙone. Suka yi ta dariya. Wannan karon ban taya su ba.

A-Lan, ban iya roƙo ba. Amma an ce duk wanda ya faɗi gwajin za a buga sunansa a rufe masa sana'a. Gida talatin da ɗaya ne, kuma ba mu iya komai ba sai karas. Jerin sunaye abu ne mai tsawo, takarda kuma gajeriya ce, wani lokaci sunan da ke can ƙasa yakan zame ya faɗi. Ni dai faɗa kawai na yi.

Shugaban ƙungiya,
Ko Huo-wang

Daga gida, Litinin 14 ga Yuli

Chiu-lan,

Gwaggonki tana lafiya. Ni ma ban mutu ba, idan ana tambaya.

Sati shida ke nan. Na je gidan waya na tambaya ko an hana wasiƙu fitowa daga Taipei, suka ce a'a, kowa yana samun tasa. Na kunna wa uwarki turare, na jefa mata 'yan itatuwan nan biyu da muke tambayar mamata da su, ko in sake rubuto miki. Sau uku suna faɗuwa a rigingine, wato dariya take yi. Shekara goma sha ɗaya da mutuwa ba ta daina yi min dariya ba.

Jarida ta ce 'yan majalisa suna tambayar me ya sa sakamakon gwajin ya daɗe, ko akwai ɗan'uwan wani a ciki. Wani ɗan jarida ya yi ta kira yana so ya ga "randunan gidan Minista". Na cire igiyar wayar na rataya albasa da ita.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Shekarar da kika shiga jami'a na hau jirgin ƙasa da tulun caipo a cinya, awa bakwai, mutane suna toshe hanci. Kika tarye ni a bakin ƙofa, kika ja hannuna muka zagaya ta ƙofar baya. Na ce a raina yarinya ce, kunyar za ta wuce. Da ƙunshin nan ya dawo sai na ga ashe girma ta yi tare da ke.

Jiya na goge randarki, wadda muka danne ranar da aka haife ki. Shekara hamsin da biyu, caipon ciki yanzu ya zama baƙi ƙirin. Uwarki ta ce kada a buɗe sai ranar babban abin farin cikinki. Na ɗauka ranar rantsuwa za ki ce a buɗe. Tana nan ƙarƙashin teburin kakanni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wan-lai ya samo mai saye. Ranar Alhamis da safe motar kaya za ta zo, a juye caipon a buhunan da ba suna, a kai arewa wa masu sayar da karin kumallo. In duba-gari sun dawo rufe randuna, su tarar da iska. Ni ban sayar da ko yanki ɗaya ba, yadda kika ce. Amma idan har Laraba ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka umarnin nan na Minista ne ba na 'ya ba. Ni kuma ba ma'aikacin gwamnati ba ne.

Ko Huo-wang

Taipei, Laraba 16 ga Yuli

Baba, A-Lan ce.

Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ni ba zan ce ina lafiya ba. Wasiƙarka yau ta iso. Sau goma sha ɗaya na kira, ashe albasa nake kira.

Kada ka loda, Baba. Ka rubuta wa Ministar Lafiya da hannunka cewa za a fitar da gurɓataccen abinci ranar Alhamis. Ba zan iya yin kamar ban karanta ba. Na miƙa maganar, za a tare motar a gada. Wanda aka samu garin a randarsa, rufe sana'a ne na wani lokaci. Wanda aka samu kayansa a motar nan, kurkuku ne. Ba ni da ikon turo ma'aikaci ya raɗa maka kai kaɗai. Wannan takardar ma ban sani ba ko za ta riga motar.

Naka ya ninka abin da doka ta yarda sau goma sha huɗu. Ba ya kashe mutum nan take. Amma wa ke cin caipo kowace safiya? Tsofaffi da yara 'yan makaranta. Hanta da ƙoda ne za su yi ta ɗauka a hankali.

Shiruna ba fushi ba ne. Tun wasiƙarka ta farko na cire hannuna daga binciken na ba mataimakina, kuma bayan amsar da na rubuto maka aka hana ni magana da duk wanda ake gwada kayansa sai an gama gwaji na biyu. Jiya aka gama. Ƙunshin kuwa, duk abin da mai sana'ar da ake bincika ya aiko wa Minista, cin hanci ne a idon doka, ko ubanta ne. Da na kwance igiyar, da an rubuta. Amma ƙamshin ya ratso takarda. Na kulle ƙofa na zauna da shi a cinyata kafin in mayar. Ya kamata in faɗa maka haka tun farko. Na ɗauka za ka gane, kuskurena ne.

Ƙofar baya kuma: mai gadi ne ya dubi tulun ya ce masu kawo kaya ta baya suke shiga. Ta kunnenka na dama ya faɗa, tun lokacin ba ya aiki sosai. Na ja ka da sauri don kada ya maimaita.

Litinin da ƙarfe goma za a karanta sunayen. Gida ashirin da shida, naka yana ciki. Wani babba ya ba ni shawara a faɗi sunan ƙungiya kawai. In na yarda, wata mai zuwa akwai babbar masana'antar man girki da zan tsaya a gabanta, mai ita zai yi min murmushi ya ce yaya jikin Baba. Daga ranar na gama aiki, ko da ina kan kujera.

Mataimakina zai iya karantawa, ni in yi ciwon kai. Takardar ajiye aiki ma tana cikin aljihun tebur, sa hannu kawai ya rage. Ban san wanda zan yi ba.

A-Lan

Daga gida, Juma'a 18 ga Yuli, ta saƙon gaggawa

A-Lan,

Lafiya muke mu biyu, kuma a gida muke ba a kurkuku ba. Na fara da wannan don ki samu ki numfasa.

Wasiƙarki yau ta iso, kwana ɗaya bayan motar. Ina so in ce miki ban yi niyyar lodawa ba, amma ƙarya ce. Laraba na jira mai kawo wasiƙu, ya wuce yana ɗaga min hannu wofi. Alhamis da safe na juye randa goma sha biyu a buhuna na jera a bakin ƙofa. Mota tana gidan Wan-lai, daga nan sai mu.

Sai Gwaggonki ta ce in zauna in karya tukuna. Ta ajiye min kunun shinkafa da wainar ƙwai da caipo. Na ɗauki tsinkayen cin abinci zan ci, sai na ga launin. Rawaya shar.

Na ce, "Yaya, wannan daga ina kika ɗebo?"

Ta ce, "Daga buhun bakin ƙofa."

Kafin in san abin da nake yi na ture farantin har ya kusa faɗuwa.

Ta ce, "Af! Ba ka ci?"

Na ce cikina ne.

Ta ce, "Cikin nan naka wata bakwai ke nan yana zaɓe. Tun sanyi kake lallaɓawa randar bara waccan, kana tsammani ni makauniya ce. Ci mana, Shugaba. Har da rabon kakanni a ciki."

Na zauna ina kallon ƙwan nan. Ashe tun kafin ɗakin gwajinki bakina ya gama nasa gwajin, sanar da ni ne kawai bai yi ba.

Direba ya danna ham. Na fita na ce ya wuce. Wan-lai ya diro yana cewa, "Tsufa ne ko hauka? In ka bar naka a randa ai ka nuna namu!" Na ce, "Wan-lai, shigo ka ci ƙwai, in ka cinye zan loda." Ya leƙa farantin, ya tofar da yawu, ya hau motar. Gida goma sha ɗaya suka loda. Kafin tsakar rana aka tare su a gada. Yanzu yana hannun 'yan sanda.

Da yamma mutane suka taru suna tambayar wanda ya kai gulma. Jiya ban sani ba. Yau da na karanta wasiƙarki na je haraba na ce ni ne, a rubuce, har da sa hannu. Kafin in dawo an kwarara mana ruwan ruɓaɓɓen karas a ƙofa. Gwaggonki ta shinshina ta ce wannan aikin gidan Tsai ne, ba su taɓa iya gishiri ba.

Maganar ƙofar baya, shekara talatin da huɗu ina ɗauke da ita. Da kin faɗa min a ranar, da na mari mai gadin, da an kore ki, da yau kina nan kina yanka karas. Kin kyauta.

Saura Litinin. Wasiƙata ta jerin sunaye ki yaga ta, wani wawa ne ya rubuta da birona. Takardar aljihun tebur kuwa ki riƙa ɗora kofin shayi a kai. Kada ki yi ciwon kai. Ban san mataimakin nan naki ba, kuma ba na so baƙo ya kira sunana a gaban duniya. Ke ki karanta. Ki ɗaga murya, kin san kunne ɗaya gare ni.

Babanki

Daga gida, 4 ga Agusta

A-Lan,

Gaisuwa daga ni da Gwaggonki. Gwiwa tana nan yadda take, amma ƙirjin ya saki.

Mun kalla, mu biyu a gida. Wannan karon ba a fito da talabijin haraba ba. Kika ce za a karanta sunayen bisa yawan garin da aka samu, daga mafi yawa zuwa ƙasa. Kika kurɓi ruwa. Kika ce, "Na ɗaya, Ko Huo-wang."

A-Lan, shekara huɗu na yi a makaranta ban taɓa wuce na biyun ƙarshe ba, shi ma don Wan-lai yana ajin. Sai ga shi ina da shekara saba'in da tara na zo na ɗaya, kuma Minista da bakinta ta sanar. Na miƙe tsaye. Gwaggonki tana kuka tana duka na da mafici.

Muryarki ba ta yi rawa ba. Yatsanki na gani yana murza kusurwar takarda, yadda kike yi da bakin riga in za a yi miki allura.

An juye randa arba'in da bakwai a rami an bi da farar ƙasa. An rufe min sana'a shekara guda. Ƙungiya ta tsige ni yadda ta naɗa ni, ba wanda ya ƙi. An ba da belin Wan-lai, shari'arsa sai kaka, kuma in ya hango ni sai ya tsallaka hanya. Na rataya masa kifi a ƙofa, ya dawo min da shi igiya a ɗaure. Na fara sabawa. Wannan ɗin dai yana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Wata jarida ta ce ke 'ya ce marar biyayya, wata ta ce ke ce abin koyi. Duk biyun na naɗe kan kifin da su.

Sai na koma wurin uwarki na jefa itatuwa, na ce ko in ɗaga murfin randarki. Ɗaya ya kife, ɗaya ya rigingine. Karo na farko ta amsa min da to ba gardama. Na ciro yanki kamar ɗan yatsa, na hau bas zuwa birni, na bi layi a wani ɗakin gwaji kamar kowa. Ba suna, lamba 208. Ga takardar sakamakon na haɗo miki. Ban gane rabin rubutun ba, amma yarinyar da ta miƙo min ta ce gishiri ne kawai a ciki.

Ki faɗa wa lauyoyinki wannan ba kyauta ba ce. Taki ce tun ranar da kika zo duniya, ni ajiya aka ba ni, kuma ajiyar ta ishe ni. Ba zan aiko ba. Mai kaya ta zo ta ɗauka.

Na ɗaya,
Ko Huo-wang

Taipei, 6 ga Agusta

Baba,

Lafiya lau nake, kuma ina nan a ofis. Kofin shayina ya samu wurin zama.

Jirgin safiyar Asabar zan shigo. Gwaggo ta ɗora kunu. Zan taho da sikeli in koya maka, kai da duk wanda ya yarda ya zo. Ka bar ƙofa a buɗe yadda Kawu Wan-lai zai iya ji daga bayan katanga ba tare da ya gaishe ka ba.

Daga randata kuwa da hannu za ka ɗebo min. Uku nawa, rabi na Mama.

A-Lan